Alaƙar Rikicewar Homon, Rashin Haihuwa da Ciwon Sukari a Jikin Mace: Bayani ta Fuskar Cutar PCOS

Tsakure

Rikicewar jinin al'ada da jinkirin samun ciki da ciwon sukari matsaloli uku ne da akan duba a sassa daban-daban na asibiti, alhali a jikin mata da yawa daga tushe ɗaya suke fitowa. Cutar da ta fi bayyana wannan alaƙa ita ce wadda likitoci ke kira PCOS, wato taruwar ƙananan jakunkunan ƙwai da ba su nuna ba a gidan ƙwan mace, tare da hauhawar homon na maza a jininta. Maƙalar ta yi bayanin kalmomin da ake aiki da su a wannan fanni, tun daga homon da zagayen al'ada har zuwa bijirewar insulin da ciwon sukarin goyon ciki, haɗe da ma'aunan gwaji da hanyoyin magani. Ta kuma duba wasu al'amura na ƙasar Hausa da ke jinkirta gano cutar ko ƙara mata ƙarfi. Matsayar maƙalar ita ce, duk macen da ta je asibiti saboda al'adarta ta rikice ko ciki ya ƙi samuwa tana bukatar a auna sukarin jininta, a kuma ci gaba da bibiyarta ko bayan ta haihu.

1.0 Gabatarwa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon sukari, kuma kusan haihuwa ɗaya cikin shida ta zo ne daga uwar da sukarinta ya hau lokacin goyon ciki. A Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba. Tsakanin waɗannan matsaloli biyu akwai PCOS, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin ɗari na masu ita ba a taɓa gano musu ita ba.

A ƙasar Hausa abin da ya fi kai irin wannan mace asibiti shi ne neman haihuwa. Shekara biyu ko uku da aure babu ko ɓatan wata, dangin miji sun fara magana, ana raɗe-raɗin kishiya. Da zarar Allah ya ba da rabo sai a ɗauka matsala ta wuce, a ajiye katin asibiti. Amma abin da ya hana cikin tun farko yana nan a jikinta, kuma yakan dawo bayan shekaru da sunan ciwon sukari ko hawan jini.

2.0 Homon da zagayen al'ada

Homon sinadari ne da wata gaɓa ke samarwa ta zuba cikin jini, jinin ya kai shi ga wata gaɓa ta daban domin ya sa ta aiki ko ya dakatar da ita. Masanin aikin jiki ɗan Ingila Ernest Starling ne ya fara amfani da sunan a 1905. Gaɓoɓin da suka shafi wannan bayani su ne: haifotalamas da fituwitari a gindin ƙwaƙwalwa, tairod a gaban wuya, adirinal a saman kowace ƙoda, fankiriyas a bayan tumbi, sai gidajen ƙwai biyu a gefen mahaifa.

Zagayen al'ada na mace baliga yana ɗaukar kwana 21 zuwa 35, ana ƙirgawa daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta jinin da ke biye. Umarnin farko daga haifotalamas yake fitowa, ya sa fituwitari ta saki homon biyu, FSH da LH. FSH ne ke tayar da wasu ƙananan jakunkunan ruwa a gidan ƙwai, kowace ɗauke da ƙwai ɗaya. Ɗaya daga cikinsu takan rinjayi sauran ta girma, tana fitar da estirojin, wanda ke kaurara shimfiɗar cikin mahaifa. Idan estirojin ya kai wani mataki sai LH ya yi tashin gaggawa, jakar ta fashe, ƙwan ya fito ya shiga bututun mahaifa. Wannan shi ne sakin ƙwai, kuma yana faruwa kimanin kwana 14 kafin jini na gaba. Ƙwan ba ya wuce yini ɗaya da rai, maniyyi kuwa yakan kai kwana biyar a jikin mace.

Bayan sakin ƙwai ragowar jakar tana fitar da furojestaron, wanda ke shirya shimfiɗar mahaifa domin karɓar ciki. In ciki bai shiga ba furojestaron ya sauka, shimfiɗar ta zube, jini ya zo. Abin lura a nan shi ne, sai an saki ƙwai ake samun furojestaron. Macen da ba ta sakin ƙwai tana iya yin watanni ba ta ga jini ba, ko kuma jinin ya zo ya ƙi tsayawa, domin shimfiɗar ta yi kauri babu abin da zai tsara zubarta. Jikin mace yana kuma samar da ɗan homon na maza, wanda ake kira andurojin, mafi shahararsa testostaron. Kasancewarsa ba cuta ba ce. Yawansa ne ke kawo matsala.

3.0 Cutar PCOS

3.1 Tarihin gano ta

A 1921 likitoci biyu na Faransa, Achard da Thiers, suka bayyana wani yanayi da ya haɗa ciwon sukari da tsirowar gemu ga mata. A 1935 Irving Stein da Michael Leventhal na birnin Shikago suka wallafa bayanin mata bakwai masu ɗaukewar al'ada da manyan gidajen ƙwai cike da ƙananan jakunkuna, wasunsu da ƙiba da yawan gashi. An daɗe ana kiran cutar da sunan mutanen biyu, ana kuma kallon ta a matsayin ciwon gidan ƙwai kawai. Sai a 1980 binciken Burghen da abokan aikinsa ya nuna cewa masu cutar suna da insulin mai yawa a jini, kuma yawansa na tafiya tare da yawan andurojin. Daga nan fahimta ta sauya, aka soma ɗaukar ta a matsayin cutar da ta shafi yadda jiki duka ke sarrafa abinci.

3.2 Ma'aunin ganewa

Ma'aunin da aka fi bi shi ne wanda aka amince da shi a taron Rotadam na ƙasar Holan a 2003, wanda ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na 2018 da na 2023 suka ƙarfafa. Ana cewa mace na da PCOS idan ta cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku. Na farko, rashin sakin ƙwai ko ƙarancinsa, wanda ke bayyana da zagayen da ya wuce kwana 35, ko ya gaza 21, ko ganin jini ƙasa da sau takwas a shekara. Na biyu, yawan andurojin, ko a gwajin jini ko a zahirin jiki. Na uku, ganin jakunkuna masu yawa a hoton sikanin. A na'urorin zamani ana neman 20 ko fiye a gidan ƙwai ɗaya, ko girman gidan ya kai mililita 10. Sukan jeru a gefen gidan ƙwan kamar 'ya'yan carbi. Ƙa'idojin 2023 sun yarda a yi amfani da gwajin homon AMH a madadin sikanin ga mace baliga.

Akwai kurakurai biyu da suka yawaita. Ɗaya shi ne yanke hukunci da sikanin kaɗai, alhali mata da yawa masu lafiya ƙalau suna da irin wannan hoto. Ba a ma amfani da sikanin wajen gano cutar ga yarinyar da ba ta kai shekara takwas da fara al'ada ba. Na biyu shi ne ɗaukar jakunkunan a matsayin ƙari da ke bukatar tiyata. Ƙwayaye ne da suka fara girma suka tsaya, kuma ba a yanke su. Kafin a tabbatar da PCOS kuma dole a kawar da cututtukan da ke kama da ita: matsalar tairod, hauhawar furolaktin (homon ruwan nono), da wata cutar adirinal ta gado.

3.3 Alamomi

Alamomin yawan andurojin sun haɗa da gashi mai kauri a haɓa da saman leɓe da ƙirji da ƙasan cibiya, ƙurajen fuska da suka ƙi jin magani bayan an wuce shekarun balaga, da zubewar gashin tsakiyar kai. Ƙibar da ke tafiya da cutar takan taru a ciki da ƙugu. Sai dai akwai sirara masu PCOS, don haka rashin ƙiba ba ya kore ta. Wata alama da ido ke gani ita ce baƙin da ke fitowa a bayan wuya da hammata da matsematsi, fatar ta yi kauri da laushi. Mata da yawa kan ɗauke shi dauɗa, su yi ta dirza da soso da sabulun salo ko su shafa man bilicin, ba ya kuwa gushewa, domin daga ciki yake: yawan insulin ne ke sa fatar wurin ta yi haka. Damuwa da ƙuncin rai su ma sun fi yawa ga masu cutar, kuma ƙa'idojin sun bukaci likita ya tambaya a kansu.

4.0 Bijirewar insulin

Insulin homon ne da fankiriyas ke fitarwa bayan cin abinci. Aikinsa shi ne sa tsoka da kitse su ɗauke sukari daga jini, ya kuma hana hanta zuba ƙarin sukari. Frederick Banting da Charles Best ne suka ciro shi a Toronto a 1921, aka fara yi wa majiyyaci allurarsa a Janairun 1922.

Bijirewar insulin na nufin ƙwayoyin jiki sun daina amsa masa yadda ya kamata. Domin cike giɓin, fankiriyas sai ta riƙa fitar da shi ninki. Shekaru da dama sukarin jini na iya zama daidai, amma insulin ya yi yawa, kuma wannan yawan ne ke rikita haihuwa ta hanyoyi biyu. Yana haɗuwa da LH ya tunzura gidan ƙwai ya samar da andurojin fiye da kima. Yana kuma rage wani furotin da hanta ke yi, mai suna SHBG, wanda aikinsa shi ne ɗaure testostaron a cikin jini. Idan furotin ɗin ya ragu, testostaron mai yawo a sake ya ƙaru. Jakunkunan ƙwai sai su tsaya a tsakiyar girma, babu wadda ta rinjaya, ƙwai bai fita ba, furojestaron bai samu ba. Andurojin kuma yana ƙara tara kitse a ciki, kitsen ciki na ƙara bijirewar insulin, abin ya riƙa ciyar da kansa.

Mafi yawan masu PCOS suna da wannan bijirewa, har da marasa ƙiba. Ranar da fankiriyas ta gaji ta kasa ninka aikinta, sukari ya fara hawa. Wannan ne ya sa ciwon sukari nau'i na biyu ya fi saurin kama su, kuma a ƙananan shekaru.

5.0 Rashin haihuwa

A likitance ana cewa akwai rashin haihuwa idan ma'aurata sun yi wata 12 suna saduwa a kai a kai ba tare da hanyar tazara ba, ciki bai samu ba. Idan matar ta kai shekara 35 akan fara bincike bayan wata shida. Rashin haihuwa na farko shi ne na wadda ba ta taɓa ɗaukar ciki ba. Na biyu shi ne na wadda ta taɓa ɗauka, ko da ɓari ta yi, sannan ya tsaya. Kalmar juya da ake jifan mace da ita tana nuna abin da ba ya sauyawa, alhali rashin sakin ƙwai na cikin matsalolin haihuwa da suka fi jin magani.

PCOS ce kan gaba wajen hana sakin ƙwai, amma akwai wasu. Ƙarancin aikin tairod na kawo kasala da jin sanyi da bushewar fata da rikicewar al'ada, kuma gwajin TSH ke gano shi. Maƙoƙo, wato kumburin tairod, sau da yawa daga ƙarancin sinadarin aidin yake, shi ya sa ake ƙara shi a gishiri. Furolaktin shi ne homon ruwan nono, kuma shi ke jinkirta dawowar al'ada ga mai shayarwa. Idan ya hau ga wadda ba ta shayarwa, al'ada kan ɗauke, wani lokaci nono ya riƙa ɗiga, kuma magunguna irin su cabergoline da bromocriptine na saukar da shi. Akwai kuma cutar da Harold Sheehan ya bayyana a 1937: mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, fituwitari ta rasa jini ta lalace, daga nan ruwan nono ya ƙi zuwa, al'ada ba ta dawo ba, jiki ya mutu. Wannan ta fi faruwa inda ake haihuwa a gida nesa da wurin ƙarin jini.

Bai kamata a jingina komai ga homon ba. A Afirka kudu da Sahara toshewar bututun mahaifa sanadiyyar cututtukan saduwa, ko ƙwayoyin cuta bayan haihuwa da ɓari, babban dalili ne, musamman a rashin haihuwa na biyu. Namiji kuma yana da hannu a kusan rabin matsalolin ma'aurata. Don haka cikakken bincike ya ƙunshi abu uku: tabbatar da sakin ƙwai ta gwajin furojestaron kimanin mako ɗaya kafin jini, hoton bututun mahaifa da ake kira HSG, da gwajin maniyyin miji. Na ƙarshen shi ya fi sauƙi da araha, shi ne kuma aka fi gudu. Samun 'ya'ya da wata matar a shekarun baya ba ya tabbatar da lafiyar maniyyi a yau, domin ciwon sukari da cututtukan saduwa na iya sauya shi.

6.0 Ciwon sukari

6.1 Nau'o'i da ma'auni

Nau'i na ɗaya yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin. Ya fi kama yara da matasa, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin. Nau'i na biyu, wanda ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon, daga bijirewar insulin yake farawa. Alamominsa su ne yawan fitsari da ƙishirwa da rama da gajiya da gyambon da ya ƙi warkewa, amma yakan yi shekaru babu alama.

Ana tabbatar da ciwon da ɗayan gwaje-gwaje uku. Sukarin jini bayan kwana ba a ci komai ba na aƙalla awa takwas: 7.0 mmol/L ko fiye, daidai da 126 mg/dL, ko 1.26 g/L a takardun gwajin Jamhuriyar Nijar. Gwajin shan gulukos, inda ake ba mutum giram 75 a ruwa a auna bayan awa biyu: 11.1 mmol/L ko fiye. Sai HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku: kashi 6.5 cikin ɗari ko fiye. Ga mai PCOS gwajin shan gulukos ya fi inganci, domin sukarinta na safe kan fito daidai alhali na bayan cin abinci ya hau. Ana so a yi mata shi lokacin da aka gano cutar, a maimaita bayan shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon haɗarinta.

6.2 Ciwon sukarin goyon ciki

Mabiyiya tana fitar da homon da ke rage ƙarfin insulin domin ɗan tayi ya samu abinci. Jikin da ke da bijirewa tun farko yakan kasa ɗaukar wannan ƙarin nauyi. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013, ana cewa akwai ciwon sukarin goyon ciki idan sukarin safe ya kai 5.1 mmol/L, ko 10.0 bayan awa ɗaya da shan gulukos, ko 8.5 bayan awa biyu. Akan yi gwajin tsakanin mako na 24 da na 28, amma mai PCOS ana so a gwada ta kafin ɗaukar ciki ko a farkon awo, sannan a sake.

Sukarin uwa yana ratsa mabiyiya, insulin ɗinta kuwa ba ya ratsawa. Fankiriyas ɗin jariri sai ta yi nata insulin da yawa, ya tara kitse, ya haura kilo 4. Irin wannan jariri da ake yi wa barka da girma shi ne kan maƙale a kafaɗa, ya jawo doguwar naƙuda ko tiyata. Bayan an yanke cibiya kuma sukarinsa na iya faɗuwa, shi ya sa ake gaggauta ba shi nono. Uwar tana cikin haɗarin hawan jini da jijjiga. Bayan haihuwa sukari yakan sauka, amma nazarin da mujallar Lancet ta wallafa a 2009 ya nuna cewa haɗarin kamuwarta da nau'i na biyu ya ninka na sauran mata fiye da sau bakwai. Saboda haka ana sake gwada ta makonni shida zuwa 12 bayan haihuwa, wato jim kaɗan bayan arba'in.

Wadda ke da ciwon tun kafin ciki kuwa, haɗarin ya fi yawa a makonnin farko, lokacin da zuciya da lakar jariri ke ginuwa, sau da yawa kafin ta san tana da ciki. Ana so ta daidaita sukarinta, ta fara shan folik asid, a duba idonta da ƙodarta, a sauya mata magungunan hawan jini da ba su dace da ciki ba, duk kafin ta ɗauka.

7.0 Hanyoyin magani

PCOS ba ta warkewa gaba ɗaya, amma ana shawo kanta. Mataki na farko shi ne abinci da motsa jiki. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta kan isa ya dawo da sakin ƙwai. Mai kilo 90 ke nan ta rage 4.5 zuwa 9. A aikace wannan na nufin rage malmalar tuwo da yawan shinkafa, barin lemon kwalba da zuba sukari a fura da koko da shayi, da ƙara wake da zogale da rama da kuɓewa da kifi. Zuma da dabino su ma suna ɗaga sukari. Motsa jiki na minti 150 a mako ake nema, kuma matar da ba ta fita tana iya samun sa da tafiya mai sauri a tsakar gida.

Ga wadda ba ta neman ciki a lokacin, ƙwayoyin tazarar haihuwa masu haɗin homon biyu suna daidaita al'ada su rage gashi da ƙuraje. Barin mahaifa fiye da kwana 90 babu jini, ba tare da magani ba, yana sa shimfiɗarta ta yi kauri, kuma a tsawon shekaru yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Metformin na rage bijirewar insulin. Ga mai neman ciki, maganin sakin ƙwai na clomiphene ne aka daɗe ana bayarwa, har zuwa 2014 da binciken Richard Legro da abokan aikinsa a Amurka, a kan mata 750, ya nuna cewa kashi 27.5 cikin ɗari na masu shan letrozole sun haihu, a kan 19.1 na masu shan clomiphene. Letrozole ne yanzu zaɓin farko. Idan bai yi ba akan koma allurar homon, ko ƙaramar tiyatar huda gidan ƙwai, ko dashen ciki na IVF. Sayen maganin sakin ƙwai a kemis ba tare da bibiyar likita ba yana da haɗari: zai iya kumbura gidajen ƙwai, kuma ba zai amfana ba idan bututu a toshe yake ko matsalar daga miji take.

8.0 Al'amuran da suka shafi ƙasar Hausa

Na farko shi ne magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da amare kan sha domin su ciko. Da yawansu na ɗauke da dexamethasone ko danginsa. Wasu mayukan bilicin ma na ɗauke da irin wannan sinadari, kamar clobetasol, kuma yana ratsa fata ya shiga jini. Dogon amfani da su na kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya kawo nankarwa, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya rikita al'ada, har ya yi kama da PCOS. Mace ba ta cika ambatar su da kanta ba sai an tambaye ta cikin sirri da mutuntawa. Wadda ta daɗe tana sha kuma ba a so ta daina rana ɗaya, sai a hankali ƙarƙashin kulawar likita.

Na biyu shi ne sanyi, sunan da ake ba kusan kowane ƙaiƙayi ko fitar ruwa ko ciwon mara. Sukari mai yawa na ciyar da ƙwayar cutar da ke kawo farin ruwa mai kauri da ƙaiƙayi, don haka sanyin da ke dawowa bayan kowane magani dalili ne na auna sukari.

Na uku shi ne fassarar ɗaukewar al'ada. Matar da ta yi wata biyar ba jini, cikinta ya ƙara girma, tana iya ɗauka kwantaccen ciki ne, ta zauna jira. Gwajin fitsari da sikanin suna warware wannan cikin yini ɗaya. Haka mai jinin da ya wuce kwana 15, wadda ta je wa malamai da tambayar hukuncin sallarta, tana bukatar a haɗa mata da shawarar zuwa asibiti.

Na huɗu ya shafi ɗakin gwaji. HbA1c ya dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, saboda haka ba a dogara da shi ga mai sikila ko mai tsananin ƙarancin jini ko wadda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. Waɗannan duka sun yawaita a yankin.

Na biyar shi ne azumi. Ƙa'idojin likitoci kan ciwon sukari da Ramadan sun sanya mai ciki da ke da ciwon cikin waɗanda aka shawarta kada su yi azumi, shari'a kuma ta ba ta rangwame. Duk mai ciwon da ya ɗauki azumi ana so ya riƙa auna sukarinsa, ya karya idan ya sauka ƙasa da 3.9 mmol/L ko ya haura 16.6.

9.0 Kammalawa da shawarwari

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa a jikin mai PCOS yawan insulin ne ke haɗa rikicewar al'ada a ƙuruciya, jinkirin ciki bayan aure, hawan sukari a goyon ciki, da ciwon sukari a manyanta. Kowane mataki dama ce ta hana na gaba. Bisa haka ana ba da shawarwari kamar haka. Asibitocin mata su mayar da awon sukari da na hawan jini da na ƙugu wani ɓangare na binciken duk mai rikicewar al'ada ko rashin haihuwa. A binciki miji da mata tare tun ziyarar farko. A rubuta ciwon sukarin goyon ciki a katin uwa, a haɗa gwajinta na bayan haihuwa da ranar rigakafin jariri ta mako shida, tun da ranar ce ta fi tabbas za ta dawo. A horar da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gane baƙin wuya da gashin haɓa, su kuma yi tambaya kan magungunan ƙiba da mayukan bilicin. Sassan koyar da Hausa da kwalejojin likitanci su haɗa hannu wajen daidaita sunayen gaɓoɓi da homon da gwaje-gwaje, domin bayanin da ake yi wa mace a ɗakin awo da wanda take ji a rediyo su zama ɗaya.